Guzurin Inna Maiturare

Gadarif, 3 ga Agusta, 1982

Zuwa ga Yayana Wada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hanatu da yara da duk mutanen Doka. Yaya damina, yaya aikin mashru, babbar gonar nan da kake yi wa aiki? Mun ji an ce laka ta hana tarakta shiga gona har kwana shida. Allah ya sa a gama shuka lafiya.

To Yaya, na tare. Yau kwanana tara a sabon gida, kuma wallahi in ka ga ƙanwarka sai ka ce an rage mata shekara goma. Kai da ka ce akurkin kaji zan shiga, ka zo ka gani da idonka ka ji kunya. Usta Iliya, maƙerin nan da ke yi wa manyan motoci jiki a bayan kasuwar amfanin gona, shi ya yi mini shi, kuma mutumin nan kansa yana ja. Ka san ƙasar garin nan, baƙar laka ce, da rani ta tsattsage har ƙafar jaki ta faɗa, da damina ta kumbura ta karya gini. Sai ya ce shi ba zai ɗora komai a kanta ba. Ya haƙa rami shida, ya kafa ƙarafa har sai da ya tarar da ƙasa mai tauri, sannan ya ɗora ɗakin a sama, da matakala uku ake hawa. Jiya an sheƙa ruwa, maƙwabta suna ta kwasar laka da kwano, ni kuwa ina zaune ina shan gahawata, ƙafata a bushe.

Tsawonsa taku shida, faɗinsa taku huɗu. Kar ka yi mini wannan dariyar taka ta hanci, ina jin ta daga nan. Angareb ɗina, wato gadon igiyar nan nawa na tun aure, ya yi masa maratayi. Da safe in ɗaga shi in saƙale a bango, sai ɗakin kwana ya koma ɗakin zama. Taga biyu ne suna kallon juna, ya yi wa randa mazauni a ƙarƙashin ta gabas, iska na bi ta kanta, ruwan har haƙori yake kamawa. Rufin hawa biyu ne, kwano a sama, zana a ƙasa, da sarari a tsakani, zafin rana yana bi ta nan ya wuce bai sauko kaina ba. Indararo yana zuba a ganga. A ƙarƙashin matakala akwai aljihun gawayi, a gaban ƙofa kuma 'yar rumfa da ta isa tabarma ɗaya. Tukunya uku na bar wa kaina, kowace da ƙusarta. Shara kuwa, kafin ruwan shayi ya tafasa na gama.

Ka tuna dai abin da na baro. Gidan Baba, bukka takwas, kowace tana neman sabuwar ciyawa duk shekara biyu. Shekara tara ina share tsakar gidan nan tun da maigidana ya rasu na dawo, gwiwa na ciwo, duk rani ina zullumin gobara. Kayan da aka tara tun zamanin kakanni na rabar da su kaf. Babban turmi da tukwanen biki suna wajen Dije maƙwabciyarmu, sauran matan unguwa suka kwashe. Attajirin da ya sayi gidan har ya rushe ya fara ginin ma'ajiyar riɗi. Ban je na gani ba, ba na kuma son zuwa.

Af, na kusa mantawa. Inna Maiturare ta wuce, ta kama hanyar Makka. Kwana uku bayan ƙaramar Salla muka raka ta tasha ta hau motar Kasala, daga nan sai Bur Sudan, sai jirgin ruwa in Allah ya yarda. Na yi mata guzuri mai kyau, matan unguwa suka taru aka yi addu'a. Ka sa ta cikin taka.

Ka gai da Hanatu, ka ce mata ta zo ta ga wurin girkin da ya fi nata tsari. In za ku zo ku zo ɗaya bayan ɗaya, don ba wurin mutum biyu. Na bar ka lafiya.

Ƙanwarka,
Batulu

*

Doka, 16 ga Agusta, 1982

Zuwa ga Batulu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. Shuka ta ƙare, mun shiga noman ciyawa. Hanatu na amsawa. Allah ya sanya alheri a gida, ya sa ki daɗe a cikinsa.

Na karanta takardar sau biyu. Na ga kin ba randa layi uku, kin ba Inna Maiturare layi huɗu a can ƙarshe, bayan kin kusa mantawa.

Bari in tuna miki, tunda mantuwa ta kama ki. Matar nan ta zo ƙofar gidanmu a ƙafa daga ƙasar Haɗeja, ita da mijinta, suna neman hanyar Makka. Mijin ya rasu a bukkar baƙi. Baba ya ce ta zauna har ranar da za ta wuce. Shekara arba'in da ɗaya ke nan. Da mahaifiyarmu ta rasu, ita ta riƙe mu da sana'ar turarenta, ita ta yi miki kitson aure, ita ta kai ki ɗakin miji.

Na sani duk shekara takan ce in an yanke dawa za ta wuce. Wane ne a cikinmu ba ya faɗin haka? Baba ya faɗa har aka binne shi a Gadarif. Ni kaina in baƙo ya tambaye ni, cewa nake muna kan hanya, ga ni da jikoki. Amma ban taɓa jin tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya ta tashi ita kaɗai da tsakiyar damina ba.

Ranar da na sa hannu a takardar sayar da gida, na ɗauka tare za ku koma sabon wurin. Ban tambaya ba, wannan laifina ne. Yanzu ina tambaya. Da wa ta tafi? Tana da takardun ƙetare ruwa? Kuma tsakanin ke da ita, wa ya fara tayar da maganar tafiyar?

Ki amsa mini da motar Laraba. Allah ya kiyaye mu.

Yayanki,
Wada

*

Gadarif, 1 ga Satumba, 1982

Yaya Wada,

Salamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya.

Ban amsa da motar Laraba ba, don da na amsa ranar da ba ka ji daɗi ba. Sannu alƙali. Kai da ke leƙo mu sau biyu a shekara, ka sha shayi ka kaɗe rigarka ka koma, kai ne yau kake ƙirga mini layi? Wa ya yi jinyarta shekaran bara da zazzaɓi ya kayar da ita? Wa yake tashi ya duba kaskonta kar garwashi ya kama ciyawa? Ni ce, ba Hanatu ba, ba kai ba.

Ta tafi da mutane cike da mota, duk masu niyya. Maganar takardu, ai a Bur Sudan ake yi, mutanenmu na can suna da hanyarsu, ka fi ni sani. Kuma ka zo ka ji abin da ake faɗa a unguwa. Hajiya Ummusalama, wadda ta je sau biyu, ta riƙe hannuna a gaban mata ta ce a duk zuriyar mahaifinmu Malam Jatau ni kaɗai na tuna abin da ya kawo kakanninmu ƙasar nan. Dije har kuka ta yi. Yanzu in na ratsa kasuwa sai ka ji ana ga Batulu can, wadda ta cika wa tsohuwa burinta.

Shekara arba'in mace tana faɗin abu da bakinta, ranar da aka taimaka mata ta yi shi kuma sai a ce an yi laifi? Khalas, shi ke nan, ni na gaji da maganar.

Gida dai lafiya lau. Kabewa ta hau rumfa. Ba na cin abinci sosai kwanan nan, amma ina jin sauyin wuri ne. Ka gai da yara.

Batulu

*

Gadarif, 28 ga Oktoba, 1982

Zuwa ga Yayana Wada,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina kuma neman afuwa kan takardata ta baya. Wata biyu ba ka amsa ba, kuma na san dalili. Tambaya uku ka yi mini, na amsa biyu da rashin kunya, ta ukun na tsallake ta.

Alhazai sun dawo. Na bi su gida gida da sunan barka da sauka. Ba wanda ya gan ta a Bur Sudan, ba wanda ya gan ta a jirgi, masu masaukin mutanenmu na can ba su taɓa jin sunanta ba. Shekaranjiya na samo direban motar da ta hau. Ya ce ya tuna ta sarai. Ko fita gari ba su gama yi ba ta buga masa ƙarfe ta ce ya tsaya, ta sauka da ƙunshinta a bakin hanya. Ya ce mata Hajiya lafiya, ta ce lafiya, ya tafi abinsa. Yaya, wata uku ke nan ban san inda Inna take kwana ba.

Ga amsar tambayarka. Ni na tayar.

Ranar da Usta Iliya ya zo awo, ya tsuguna da igiyarsa ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, angareb nawa za a sa?" Inna na can gindin bishiyar bedi tana dakan itacen sandal na turare, ina jin ƙarar turminta. Na ce masa ɗaya. Ya sake tambaya, ya ce in biyu ne ƙarfe biyu kawai zai ƙara. Na ce ɗaya na ce. Na gaji ne, Yaya. Na gaji da hayaƙi, na gaji da tarkacen kwalabe da gwangwanaye, na gaji da a ce mini ba haka ake ɗaura tukunya ba ina da shekara hamsin da biyu. So nake in rufe ƙofa in san duk abin da na ajiye a nan zan same shi.

Amma bakina ya kasa ce mata babu wurinki. Kuma ka san gidanmu, ba a tambayar baƙon hanya yaushe zai tashi, Baba ya taɓa marin ka a kan haka. Sai na nemi hanyar da ba sai na yi magana ba. Ana gama azumi na sayo gero da dabino da nama. Kwana uku ina suya, ina daka, ina shanya. Tana zaune a kan tabarmarta tana kallona. Rana ta biyu ta ce, "Batulu, ki ƙara citta a garin nan, ya fi daɗewa." Ban iya kallon ta ba, na ƙara.

Da na gama na aika aka kira matan unguwa. Da gangan na kira su. Na san abin da kowa ya sani, mai niyya ba ya mayar da guzuri, in ya mayar kamar ya ce ya fasa zuwa ɗakin Allah ne. Na ajiye ƙunshin a gabanta na ce, "Inna, bana dai Allah ya yi." Mata suka ɗauki guɗa. Ta daɗe tana duban ƙunshin, sannan ta ɗora hannu a kai ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Ta raba wa mata sauran turarenta a wurin.

Na san ba ta da takarda ko ɗaya. Na san gwiwarta ta fi tawa lalacewa. Abin da na faɗa wa kaina shi ne mutanenmu na Bur Sudan za su riƙe ta, ta zauna a can kamar yadda ta zauna a nan. Wato na ɗauki nauyina na ɗora a mota na tura wa waɗanda ban sani ba, aka kuma yi mini guɗa.

Abin da ya fi ci mini rai ban san ko za ka gane ba. Ina son gidan nan. Ko yanzu da nake rubutu ina share hawaye, in na ɗaga ido na ga kowane abu a mazauninsa, iska na shigowa, sai in ji daɗi ya ratsa ni, sannan in ji kamar in tsine wa kaina. Da gidan ya yi yoyo ko ya yi zafi da na sami sauƙi.

Kana yawo da motar mashru kana ɗibar ma'aikata. Don Allah, don darajar Baba, ka tambaya duk inda ka tsaya. Ka zage ni in ka ga dama, na cancanta, amma ka nemo ta.

Ƙanwarka mai laifi,
Batulu

*

Doka, 12 ga Disamba, 1982

Zuwa ga Batulu,

Salamu alaikum. Na gan ta. Tana da rai.

Ba zan zage ki ba. Kin riga kin yi wa kanki, kuma ni ma ina da rabona a ciki.

Na tambaya a Hawata da ƙauyukan bakin kogin Rahad ban dace ba. Makon jiya na je Fau neman masu yankan dawa. A sansanin ma'aikata da ke bayan babbar magudanar ruwa, ina cikin magana da shugabansu sai na ji ƙamshin da na sani tun ina yaro. Na bi shi har wata 'yar bukka. Tana zaune a ƙofa tana ɓarar gyaɗa, kasko a gefenta. Ashe da ta sauka daga motar gabas, ta ƙetare titi ta hau ta yamma, don kada ta haɗu da mai saninta a hanyar Kasala.

Ta rame, tana tari, bukkar kuma ba za ta kai wata damina ba. Amma mutanen wurin suna girmama ta ƙwarai. Ta ce musu ita mai niyya ce, ƙafa ta tsare ta a hanya. Hajiya suke ce mata, ba mai wucewa bai gaishe ta ba, mata na kawo mata jarirai ta tofa musu addu'a.

Ba ta faɗi kalma ɗaya a kanki ba. Ta tambayi gwiwarki. Ta tambaya ko ɗakin yana da sanyi kamar yadda Iliya ya yi alkawari, na ce haka kika rubuta, ta ce madalla.

Na ce ta tashi mu tafi Doka, ta ƙi. Na ce to Gadarif. Ta ce, "Wada, an raka ni da guɗa da addu'a, da wace fuska zan shiga unguwar nan?"

Limamin sansanin, Malam Rufa'i, mutum ne mai hankali, shi ya nuna mana hanya. Ya ce mai niyyar da ciwo ya tsare ba abin kunya ba ne. In labari ya isa Gadarif cewa ciwo ya kayar da ita a hanya, mutanen unguwa suka aiko da kansu a ɗauko ta jinya, to ta koma da mutuncinta, niyyarta na nan, ba wanda zai ce uffan. Da aka faɗa mata sai ta ce, "Bari a gama girbi mu gani." Kin san Inna, wannan amincewa ce.

Saboda haka ki saurare ni da kyau. Ki kira Iliya ya duba yadda za a ƙara wuri. Ban da wannan kada ki yi komai, kada ki faɗa wa kowa komai, ko Dije. In na gama yankan dawa zan zo da kaina in kai maganar ciwon wurin dattawa yadda ya kamata. Na san ki da gaggawa. Wannan karon ki riƙe bakinki.

Allah ya sa mu gyara abin da muka ɓata.

Yayanki,
Wada

*

Gadarif, 9 ga Janairu, 1983

Yayana Wada,

Assalamu alaikum. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka abin da kake nema duniya da lahira. Da na karanta cewa tana da rai, zama na yi a matakala na yi ta kuka har mai tallan madara ta tsaya tana ba ni haƙuri ba ta san dalili ba.

Usta Iliya ya zo washegari. Allah ya yi masa albarka, igiyarsa kawai ya fito da ita. Ya kafa ƙarfe biyu, ya cinye rabin rumfa, kabewa ta tafi. Angareb na biyu yana rataye a bangon kudu, ya yi shi ƙasa ƙasa saboda gwiwarta. Ya huda wata 'yar taga a sama don hayaƙin turare, ya yi mata kanta mai hawa uku ta kwalabe. Ɗakin ya ɗan matse, sai mutum ya karkata kafin ya kai ga randa. Ma'alesh, ba komai, haka nake so.

Yanzu ga abin da za ka yi fushi a kai, amma ka karanta har ƙarshe. Ranar Juma'a aka yi suna a gidan Dije, jikarta ta haihu. Mata cike da tsakar gida. Ana cikin raba abinci Hajiya Ummusalama ta sake ɗauko maganar, wai tunda Inna ba ta dawo ba ai ta zauna maƙwabtaka da ɗakin Allah ke nan, kuma duk sallar da ta yi a can ina da lada. Ta ce wa 'yan mata su yi koyi da ni. Wata ta kawo mini jaririyar wai in sa mata albarka. Yaya, na duba yarinyar nan a hannuna. Na miƙa ta, na miƙe tsaye, na faɗa musu komai. Na faɗi maganar angareb ɗaya, na faɗi dalilin guzurin, na faɗi dalilin da ya sa na tara su ranar. Na ce Inna ba ta Makka, tana Fau tana ɓarar gyaɗa a bukka mai yoyo, kuma ni na kai ta can.

Hajiya ta ja mayafinta ta fita ba sallama. Dije ta fashe da kuka tana cewa, "Wayyo baiwar Allah, ashe korar ta aka yi." Kafin la'asar maganar ta kai kasuwa. Yanzu in na wuce ba mai amsa gaisuwata da daɗi, kuma wallahi ya fi mini guɗar nan sauƙi. Ranar na ci tuwo na ƙoshi, rabona da haka tun damina.

Na san ka ce in yi shiru. Amma ka duba, da ƙarya za mu ɗauko ta, ta zo ta zauna ana ci gaba da yabona a gabanta? Yanzu kowa ya san mai laifi, kunyar tawa ce ni kaɗai. Mata huɗu sun ce za su bi ni Fau mu ba ta haƙuri, ƙanwar Dije da ke aure a can ma an riga an aika mata. Ka faɗa mini ranar da za ka sami mota. Komai a shirye yake, har sabon bargo na saya.

Ka gai da Hanatu da yara.

Ƙanwarka,
Batulu

*

Fau, 20 ga Janairu, 1983

Daga Maiturare zuwa ga 'yata Batulu. Malam Rufa'i ne ya rubuta, yadda na faɗa masa.

Salamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gai da gwiwa.

Maganar da kika yi a gidan Dije ta iso nan kafin takardarki ta isa Doka. Yanzu duk sansani an sani. Jiya wata yarinya ta kawo mini tuwo ta ajiye, tana kallona tana cewa Allah sarki. Ba wanda ya kawo mini jariri tun ranar Litinin.

Batulu, kina tsammani ban san abin da kike soyawa ba? Tun ranar da Iliya ya zo da igiyarsa na sani. Na karɓi guzurin ne don in rufa miki asiri, in rufa wa kaina. Na fita gidan Malam Jatau a matsayin mai niyya, haka aka san ni a can, haka aka san ni a nan. Abin da ya rage mini a duniya ke nan, kuma da shi na so in dawo bayan girbi. Kin ji nauyi a ƙirjinki, kin sauke shi a gaban mata, ba ki tambaye ni ba ko ina so a sani.

Kada ku zo, ke da matan. Ba zan shiga unguwar nan a nuna ni a ce ga wadda aka kora ba. Malam ya san wasu mutane a gaba, in sanyi ya wuce zan koma wurinsu.

Ki zauna a gidanki, ki ci abinci. Guzurin na yafe miki tun ranar. Maganar gidan Dije ce ban yafe ba tukuna.

Allah ya yi miki albarka.

Innarki,
Maiturare